Sakata Mai Baƙin Zare

Bindiga biyar ke rataye a ɗakin maigidana a Badarawa, kuma babu wadda za ta kashe ko ƙadangare sai da yardata. Ba wai na iya harbi ba ne. Ni ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa. Abin da ya sa, kowace bindiga cikinsu tana da wani ƙarfe da ake zarowa ta baya, shi ke tura harsashi ya kulle shi a ciki. Sakata muke ce masa. In babu sakata, bindiga sanda ce kawai. To sakatun nan duk a ɗakina suke kwana, cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gado.

Malam tsohon soja ne, Kofur mutanen unguwa ke ce masa. Gyaran bindiga ya yi a soja, da ya bar aikin kuma ciwon son bindiga bai bar shi ba. Duk Baturen da zai koma ƙasarsu, in aka yi gwanjon kayansa, wani ya sayi kujera, wani ya sayi fanka, shi kuwa sai ya shigo mini da tsohuwar bindigar da kowa ya raina, yana murna ya same ta a arha. Ya yi wata guda yana goge ta, ya je ya yanko mata lasin, ya rataye. Biyu Mak-fo ne irin na 'yan sanda, ɗaya ta Jamus, biyu ƙanana na zabi da zomo. Ya san shekarun kowacce fiye da yadda ya san na 'ya'yansa.

Bindiga biyar, amma sakata shida. Ta shidan a ƙasan wani akwatin gwanjo ta zo, ba ta da bindigarta, shi ya sa ya raɗa mata Marainiya. Kamarta ɗaya da ta Mak-fo, ko shi sai ya karanta lambar jiki yake bambancewa. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya gwada ta a daji. Ta shiga lafiya lau, ta kulle lafiya lau. Ashe gajeruwa ce da kamar kaurin farce. Yana taɓa kunama kwanson harsashi ya sami wuri ya fashe ta baya, wuta da ɓarɓashin tagulla suka shige masa idon dama. A gadon kara aka kawo mini shi. Idon bai dawo ba.

Na ce a jefa ta masai. Ya ce ƙarfen Ingila ne, ba a zubarwa, wata rana zai samo bindigarta. Namiji ke nan. Amma daga ranar ya kafa doka: sakata ba ta kwana a jikin bindiga, ni zan riƙe. Tun da ban san lamba ba, sai ya ɗaura wa kowacce zare, ya ɗaura irinsa a jikin bindigarta. Ja, fari, kore, ruwan ɗorawa, shuɗi. Marainiya kuwa baƙi. Ya ce in riƙa shafa musu mai duk wata, in sauya zare duk babbar Sallah.

Na riƙe amanar nan shekara goma sha biyar. Sai dai ban ɓoye muku ba: tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam, gidan ya dawo kan kaskona, Sallah uku ban sauya zaren ba. Man gwangwanin da ya ba ni kuma ya ƙare tuntuni. Na ce mai ai mai ne, ga man gyaɗa har da na sayarwa, na ci gaba da shafa musu shi.

Sai zancen yaron. Ɗana ne na fari, kuma sunan mahaifin Malam aka mayar masa, kunya biyu ke nan a kaina. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunan nan ba, shekara ashirin da bakwai. Kai nake ce masa, ko wancan, ko yaron nan. Gaban mutane ban taɓa tambayar ko ya ci abinci ba. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na tarar. In kun ji sunan a labarin nan, bakin wasu na ara. Kafinta ne a Unguwar Shanu, matarsa Asma'u na gidan tare da mu, cikinta ya tsufa.

A shekarar Udoji ne, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, farkon kaka, Rabe ya zo. Abokin Malam ne tun soja, yana noma a Katabu. Ya ce mugun dawa, aladun dajin nan, sun hana shi sakat, garke guda, sun tone masa rogo rabin gona, bindigarsa ta toka kuwa tsoro kawai take ba su. Malam ya ce yaron zai je ranar Asabar da Mak-fo mai shuɗi.

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na jawo tukunya. Ɗakin da sauran duhu, ga gyaɗa na jirana. Na lalubo, na ga zare mai duhu-duhu, na ce shuɗi ne. Ban miƙa masa hannu da hannu ba, ba ma haka. Na ɗora a kan turmi na ce wa iska, "Ga abin mutane nan." Ya ɗauka ya sa a jaka, ya naɗe bindiga cikin tabarma ya ɗaure a keke. Ya ce, "Iya, na tafi." Na ce, "Uhm." Ko ɗago kai ban yi ba.

Rana ta kusa tsaka na sauke kasko na ƙarshe. Na ce tun da na taɓa tukunyar nan yau, bari in fito da ita in shafe sauran. Na zazzage su a faifai a tsakar gida. Ja ga shi, ya koma kamar hanta amma ja ne. Fari ya zama ruwan ƙasa. Kore, ruwan ɗorawa. Sai ta biyar, zarenta baƙi ƙirin, ya daskare da mai. Na ce ga 'yar banzar nan. Na ɗauke ta zan ajiye gefe, sai ƙullin zaren ya maƙale mini a farce ya buɗe kaɗan.

Cikin ƙullin shuɗi ne. Shuɗi tas, kamar yau aka rina.

Ban san sanda na isa ɗakin Malam ba. Yana kishingiɗe da rediyo a kunne.

"Malam, duba mini wannan. Ta wacce ce?"

"Ke da sallama ba kya yi yanzu?"

"Duba mini, don Allah."

Ya karɓa, ya sunsuna. "Man gyaɗa? Yalwa, man gyaɗa kike shafa wa kayana? Ƙosai ne su?" Ya goge da bakin riga, ya goge, ya kankare da farce, ya kai ta kusa da idonsa mai gani. Sai na ga leɓensa ya daina motsi.

"Wacce kika ba yaron?"

"Mai shuɗi."

"Ga mai shuɗi a hannuna."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafar ta ƙi, ya faɗo da gwiwa, rediyo ya tarwatse a ƙasa. Na kama shi ya ture ni.

"Ba zai duba lamba ba?" na ce. "Ai ka koya masa."

"Wa ke duba lamba a bayanki? Ni kaina na daina. Kuma ga ta nan kin liƙe ta da mai, wa zai gani?"

"Zaren jikin bindigar fa?"

"Shi ma ya yi baƙi da hannu. Za su yi masa daidai."

Na tsaya ina kallon ramin idonsa na dama. Shekara goma sha biyar ina ganinsa har na daina gani, ran nan kuwa kamar yau aka yi shi.

Na ce, "Ƙarfe nawa za su yi harbin?"

"Harsashi uku na ba shi, ba zai ɓata ko ɗaya a gwaji ba. Mugun dawa kuwa ba sa fitowa da zafin rana, sai ta karkata, bayan la'asar. Nemo wani a aika."

Wa zan nemo? Mazan unguwa duk suna wurin nema. Kafin in sami wani, in yi masa bayanin zare, ya yarda ya ɗauki ƙarfen bindiga a jikinsa a wannan zamani da ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe, rana ta faɗi. Na ce, "Ni zan je."

"Ke? Kin taɓa wuce Kawo ke kaɗai?"

"Yau zan wuce."

Bai ƙara musu ba. Ya sa na miƙo masa gwangwanin takardu, ya zaro lasin ɗin mai shuɗi ya ba ni. Na sa sakatar a ƙasan kwanon sha, na cika shi da ƙuli-ƙuli, na rufe, na ɗaure da ɗankwali. Asma'u ta fito daga ɗaki tana dafe da ƙugu.

"Iya, lafiya? Na ji ƙarar faɗuwa."

"Lafiya lau. Ciniki zan kai. Ki kwashe man nan, ki ba Malam fura, kada ki ɗaga turmi."

Na fita kafin ta karanta fuskata.

Daga Badarawa zuwa tashar Kawo da ƙafa na tafi, rabi tafiya rabi gudu, mayafi na zamewa ina jawowa. Na tarar da a-kori-kura mai zuwa Zariya, mutum shida a baya, direba na zaune a inuwa yana cin rake. Ya ce sai ta cika. Na hau na zauna. Na sauko. Na sake hawa. Inuwar motar na kallo, tana ta shigewa ƙarƙashinta, can kuma ta fara leƙowa ta ɗaya gefen.

Na je na tsaya a kansa. "Direba, don girman Allah mu tafi."

"Gwaggo, gobara ake yi a Katabu?"

"Wani yaro nake bi. In ban cim masa kafin la'asar ba, akwai matsala."

"Ɗanki ne?"

Ga maza sun kai goma suna kallona. Na ce, "Yaron gidanmu ne."

"To yaron gida ai ba ya ɓata. Zauna ki sha iska, saura mutum biyar." Ya tofar da ɓawon rake.

Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono a bayan motar ta leƙo. "Kai, mai rake! Uwarka ba ta koya maka komai ba? Ɗan farinta ne, so kake ta faɗa maka a tasha? Dubi hannunta."

Na duba hannuna. Murfin kwanon sai ƙara yake yi a kansa.

Direban ya dube ni, ya dubi raken, ya jefar. "To ku da kuka iya magana, ku sauko ku tura, batir ya mutu."

Muka tura har da ni.

Ba mu yi nisa da Kawo ba muka tarar da shinge, durom biyu da katako mai ƙusoshi. 'Yan sanda suka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani sajan mai furfura a gemu yana bi ɗaya-ɗaya, bindiga a kafaɗarsa, irin tamu sak. Ya zo kaina.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙuli-ƙuli, ranka ya daɗe."

"Ƙuli-ƙulin nan da nauyi yake." Ya sa yatsa ya tona. Ya zaro sakatar.

Wallahi sai na ga mutanen da muka tura mota tare suna ja da baya, har tsohuwar. Direba ya ce, "Ni ban san ta ba, ranka ya daɗe, a tasha ta hau."

Na durƙusa a kan kwalta, zafinta na cin gwiwata. Na miƙa masa takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗaure ni gobe, da ƙafata zan kawo kaina. Bindigar mijina ce, ga lasin. Tana daji a hannun yaro da sakatar da ba tata ba. Ni na ba shi da hannuna. Wannan ce tata."

Ya buɗe takardar, ya duba, ya duba jikin ƙarfen. Ya daɗe, ko ni ce na ga ya daɗe.

"Wa ya gaya miki sakatar wata ba ta yi wa wata? Yaran nan nawa ma rabinsu ba su sani ba."

"Idon mijina ne ya gaya mini. Waccan ɗin ce ta cinye shi."

Ya tura sakatar cikin ƙuli-ƙulin da kansa, ya rufe kwanon, ya ɗauki guda ɗaya ya jefa a baki. Ya juya wajen direba. "Kai da ba ka san ta ba. In na ji ka tsaya ɗaukar fasinja kafin Katabu, ni da kai ne a dawowa. Ku janye katakon!"

Direban ya taka mota kuwa, har ya wuce ƙarfinta. Muna wuce Rigacikun ta fara hayaƙi ta gaba, ta tsaya. Ya ce ruwa ya tafasa, sai ta huce. Maza suka ce to a yi azahar. Ni da ban taɓa jin nauyin sallah ba tun ina 'yar shekara bakwai, ran nan da na ji an ce a yi sallah sai da raina ya ɓaci, Allah Ya yafe mini. Na yi alwala a kududdufin gefen hanya, na shimfiɗa mayafi. Raka'a huɗun nan ban san me na karanta ba. A sujadar ƙarshe dai na ce, ya Allah, idona biyu ne, ɗauki duka, ka bar masa nasa. Ko a gaban Allah ban faɗi sunan ba. Na ce Ya san wanda nake nufi.

Da muka isa Katabu inuwa ta fi mutum tsawo. Na tambayi mai tsire gidan Rabe tsohon soja, ya nuna mini da wuƙa. Matar Rabe na sussuka a ƙofar gida.

"Maraba, maraba! Daga ina? Ku shigo ku sha ruwa."

"Ina suke?"

"Su wa?"

"Maigidanki da baƙonsa na Kaduna."

"Au, Idrisu? Ɗan Kofur? Ai tun da suka ci tuwo suka gangara. Ke ce wa tasa?"

"Ta ina gonar take?"

Ta dube ni da kyau, ta ajiye taɓarya. "Bi burtalin nan har tsamiya mai rassa biyu, ki saki burtali ki yi hagu, ki ratsa shinkafa. Rogon na ƙetaren rafi. Amma ruwa bai janye ba, mahayi na can sama, da nisa."

Na bi burtali da gudu. Ni da na haifi bakwai, rabona da gudu tun ina budurwa. Takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi, na cire ɗayan na jefar. Ƙaya na shiga ina ji, ban tsaya ba. Ina kaiwa tsamiya na jiyo kiran sallar la'asar daga gari a bayana, siriri. Na yi hagu.

Fadamar shinkafa ce shimfiɗe, ta nuna, tsuntsaye sun yi mata baƙi. Mata da yara a kan rumfuna ko'ina suna kaɗa gwangwani suna ihu, "Kai! Kai! Haa! Kai!" Na kutsa ta kan kunya, taɓo har ƙwauri, kwano a ƙirji.

Sai na ji harbi.

Na zube cikin shinkafar mutane. Na ce shi ke nan, Yalwa, kin kashe shi da man gyaɗa. Amma wanda ya zauna da Malam shekara talatin kunnensa ya san abu. Mak-fo tsagewa take yi kamar bulala. Wannan kuwa dim ta yi, mai nauyi, ga farin hayaƙi na tashi can ƙarshen gonar rogo. Ta toka ce, ta Rabe. Na tuna yadda Malam ke ba da labari: ɗaya ya tayar da su daga can, su gudo wajen wanda ke kwance da babbar bindiga.

Wato yanzu ne.

Na miƙe na ruga har bakin rafi. Ruwa ja, yana gudu, faɗinsa ya kai tsakar gida uku. A ƙetare, gaba kaɗan, ga wani suri babba, ga yaron kwance a kansa rubda-ciki, ya ba ni baya. Na gane wuyansa. Na gane hular da Asma'u ta saƙa masa. Ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa a kanta, idon dama daidai bayan ƙarfen nan. Ganyen rogo na ta rawa a gabansa, abin na tahowa.

Na ce, "Kai! Kai yaro!"

Ko motsi. Duk fadamar kai ake ta yi tun safe, tawa ta shige cikin ta masu korar tsuntsu.

"Kai, wancan! Ɗan Kofur! Kai!"

Na buga murfin kwano a jikin kwano. Gwangwani ɗari ake bugawa a bayana. Na shiga ruwan har ƙugu, ya nemi ya kwashe ni, na riƙe saiwa. Na ga hannunsa ya ɗaga ya tura sakatar gaba, ya kwantar da ita. Na ga ƙaton ya fito daga rogo, haƙora kamar lauje, wasu na biye. Na ga gwiwar hannunsa ta daidaita.

Na buɗe baki, ba abin da ya rage mini sai sunan. Sai ya fito.

"Idrisu! Idrisu na! Kada ka harba!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Har masu gwangwani suka yi tsit.

Ya ɗago kai daga jikin bindigar kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya waiwayo. Mugun dawan suka wuce ta gindin surin da gudu, wutsiya a sama, suka faɗa ciyawa. Bai ko kalle su ba. Ni yake kallo, baki buɗe, ina tsaye cikin ruwa da kwano a ka, ba mayafi, ba takalmi.

"Cire hannunka daga kanta," na ce. "Ajiye ta a ƙasa."

Ya ajiye. Ya gangaro ya faɗo ruwan ya ƙetaro, ya kama ni ya fitar da ni gaɓa. Rabon da hannunsa ya taɓa nawa tun yaye.

"Iya, wa ya mutu? Baba ne? Asma'u?"

"Ba wanda ya mutu. Je ka ciro ƙarfen nan ka kawo mini. A hankali."

Ya koma ya zare harsashi, ya zaro sakatar, ya ƙetaro da ita da bindigar a sama da kai. Rabe ya iso ta mahayi yana haki yana faɗa tun daga nesa.

"Bakwai! Guda bakwai na kawo maka har gaban hanci, Idrisu! Wace mahaukaciya ce ta... Au. Yalwa? Matar Kofur? Me ya fito da ke?"

Na tona ƙuli-ƙuli na zaro mai shuɗi na ajiye a kan ciyawa. Yaron ya dube ta, ya dubi ta hannunsa. Ya tsinki ciyawa ya tofa yawu ya goge lambar tasa, ya kara da lambar jikin bindiga. Ya sake gogewa. Sai ya zauna daɓas a taɓo. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama, ya daɗe a haka.

Rabe ya karɓa ya duba. Shi ne ya ɗauko Malam a gadon kara waccan shekarar. Ya cire hula ya ce, "Marainiya ce. La haula wala ƙuwwata. Ashe tana nan."

Na ce, "Miƙo ta."

Na auna inda ruwan ya fi duhu, wajen wata saiwar ɗinya, na wurga ta da duk ƙarfin da ya rage mini. Ta yi ƙulum.

Rabe ya ce, "Kofur zai yi faɗa."

"Ya yi."

Muka yi alwala a rafin muka yi la'asar a gaɓa, su a gaba ni a baya. Wannan karon na san abin da na karanta. Da muka shafa, yaron ya cire takalmansa ya ajiye a gabana, bai dube ni ba. Na saka. Muna hawowa ta cikin shinkafa, matan rumfa duk sun zuba mini ido, sai ya rage tafiya har na cim masa.

"Iya."

"Uhm."

"Ɗazu da kina cikin ruwa, me kika ce ne? Ban ji sosai ba."

"Tsuntsaye nake kora."

"Tsuntsun nan da suna irin nawa."

"Kai, rufe mini baki ka wuce gaba. Mara kunya."

Ya wuce yana dariya, amma na ga yana share fuska da hula.

Muka sami motar itace ta kawo mu Kawo, keke da bindiga a sama, ana kiran magariba muka shiga gida. Malam na zaune a ƙofar ɗakinsa a ƙasa, inda ya ja jiki ya tsaya tun rana, Asma'u na gefe ta yi kuka ta gaji, ashe ya gaya mata. Ya kama fuskar yaron da hannu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya sake shi. Yaron ya sunkuya ya raɗa masa wani abu a kunne.

Malam ya ce, "Yalwa, ina Marainiya?"

"Ta sami iyaye a ƙasan ruwa."

Can ya ce, "Ƙarfen Ingila ne fa." Ya gyara zama. "An ce kuma yau duk Katabu sun ji sunan babana."

Na ja ɗankwali na rufe fuska na shige ɗaki. Ƙafafuna duk ƙaya, Asma'u ta biyo ni da allura da fitila. Ta ƙofa na ce wa iska, gobe in wani zai bi ta kasuwa, a sayo mini zare kala biyar da man bindiga na gwangwani, kuma shuɗin ya zama mai haske.

Daga tsakar gida aka ce, "To, Iya."